James Earl Jones: baiwa ce kawai ko horon dandamali?

Sada Ƙofar Marusa:
Slm jama'ar gida. Akwai wani mutum da nike son mu tattauna a kanshi, James Earl Jones, ɗan wasan Amurka da ya rasu ranar 9 ga Satumba 2024 yana da shekara 93. Da yawanmu mun san muryarshi ba mu san sunanshi ba. Shi ne Mufasa a The Lion King, shi ne muryar Darth Vader a Star Wars, shi ne kuma sarkin nan uban Eddie Murphy a Coming to America mai yawo da fatar zaki a kafaɗa. Abin da ya sa na kawo maganar, duk inda aka ambace shi sai ka ji an ce ai muryar baiwa ce, shi ke nan an rufe zance. Ni kuma ban yarda iyakarta ke nan ba. Mutumin nan ya tashi da in'ina mai tsanani, har ya yi wajen shekara takwas kusan bai magana da mutane, kuma kafin duniya ta san shi a fim ya daɗe yana shan wuya a dandamali gaban jama'a ido da ido. A ganina can aka gina muryar.

Lawal Mai Waya:
Wslm. Malam Sada ni fa ban ga abin musu ba a nan. Kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta. Ka ɗauko ni ka kai ni dandamali shekara hamsin wlh muryata ba za ta koma irin tashi ba, Allah ne ya ba shi. Sannan kuma mi ya haɗa mu da ɗan wasan Amurka bayan ga namu nan an manta da su

Sada Ƙofar Marusa:
Ba wanda ya ce ba Allah ya ba shi ba Lawal. Amma masu babbar murya nawa ne cikin garin ga? Je ka tasha ka ji masu kiran lodin Kano. Kaurin murya daban, sanin yadda za a sarrafa ta daban. Maganar namu kuma ka yi haƙuri, can na dosa.

Malama Hadiza:
Bari in ɗan cike tarihin don ni ina amfani da labarinshi wajen ɗalibaina. An haife shi 17 ga Janairu 1931 a wani ƙauye Arkabutla cikin jihar Mississippi, lokacin da wariyar launin fata ke kan ganiyarta a kudancin Amurka. Mahaifinshi Robert Earl Jones ya bar gidan tun kafin yaron ya san shi, shi ma daga baya ɗan wasa ya zama. Yana ɗan shekara 5 kakanninshi na wajen uwa suka ɗauke shi suka koma Michigan suna noma, to a wannan canjin wurin ne in'inar ta tsananta har ya gwammace ya yi shiru da a yi mashi dariya. Sai da ya shiga sakandare ya haɗu da wani malamin Turanci, Donald Crouch. Malamin ya lura yaron na rubuta waƙoƙi, sai ya ce mashi wannan rubutu ya yi kyau da yawa, in dai kai ka rubuta to tashi gaban aji ka kawo shi da ka. Ya tashi, ya kawo ta tun daga farko har ƙarshe bai sarƙe ba. Daga nan malamin bai ƙyale shi ba, ya riƙa sa shi muhawara da karanta waƙa a bainar jama'a.
Kuma ku lura, ba warkewa ya yi ba. Har ya tsufa yana faɗi cewa shi mai in'ina ne har gobe, koyon zama da ita kawai ya yi.

Lawal Mai Waya:
To ai kin ga malami ne ya taimaka ba dandamali ba

Sada Ƙofar Marusa:
Gaban aji ɗin mi ne ne in ba dandamalin farko ba? Ka duba abin da ya biyo baya. Ya shiga jami'ar Michigan da niyyar karatun likita, ya sauya ya koma wasan kwaikwayo, ya yi aikin soja har ya kai laftana, sannan ya nufi New York. Can ɗin ba gata ya tarar ba, shara da goge-goge ya riƙa yi yana biyan kuɗin makarantar koyon wasa. 1958 ya samu ɗan ƙaramin matsayi a Broadway, wato unguwar manyan gidajen wasan dandamali ta New York. Shekarun 1960 kusan duka ya yi su yana wasannin Shakespeare, ya yi Othello, daga baya ya yi King Lear, wasanni masu dogayen jawabai da sai ka haddace su tas. Fim ɗinshi na farko Dr. Strangelove a 1964, ɗan taƙaitaccen wuri aka ba shi cikin jirgin yaƙi. Abin da ya fito da shi sosai shi ne The Great White Hope, wasan da aka gina kan rayuwar Jack Johnson, baƙar fata na farko da ya zama zakaran damben duniya ajin masu nauyi a 1908, wanda hukuma ta yi ta farauta saboda ya ƙi sunkuyar da kai kuma yana tare da mata farare. James ya aske kai ƙwal, ya yi horon dambe, ya ci kyautar Tony a 1969, ita ce babbar kyautar dandamali a Amurka. Da aka mai da wasan fim a 1970 sunanshi ya shiga takarar Oscar, shi ne baƙar fata na biyu da ya shiga takarar gwarzon jarumi bayan Sidney Poitier. Bai ci ba, George C. Scott aka zaɓa.
Ka ga kafin Star Wars ta 1977 mutumin ya yi kusan shekara ashirin yana wannan aiki, kuma tsarin Broadway wasa takwas ake yi a sati, ba a cewa a yanke a sake.

Baba Ɗanjuma Rafindadi:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ya nuna mani wannan magana na ce sai na sa baki, don ni na yi wasan kwaikwayo a makaranta zamanin muna kwalejin horon malamai. Lawal ɗana, abin da Sada ke faɗa maka gaskiya ne amma sai wanda ya taɓa tsayawa a wurin zai gane. Mu a lokacinmu babu lasifika. Ɗakin taro ne mai rufin kwano, an haɗa teburan cin abinci an yi dandamali, an rataya barguna a matsayin labule, fitilar gas guda biyu tana huci. Malamin da ke koya mana ba ya zama gaba, can ƙarshen ɗaki yake tsayawa jikin ƙofa ya harɗe hannu, kana cikin magana sai ka ji ya ce ban ji ba. Ka sake. Ban ji ba. In ka ɗaga murya ka yi ihu sai ya ce ban ce ka yi mani tsawa ba, cewa na yi ka yi magana in ji. To a nan ne za ka gane numfashi daga ciki ake ɗauko shi ba daga maƙogwaro ba, ka koyi buɗe baki, ka koyi ƙarasa ƙarshen kalma kada ka haɗiye ta, ka koyi yin raɗa wadda na bayan ɗaki zai ji. Sannan ka koyi jira. In 'yan kallo suka fashe da dariya ba ka ci gaba, ka tsaya har ta fara sauka sannan ka ɗora, in ka yi gaggawa maganarka ta bi iska, in ka yi jinkiri wasan ya yi sanyi. Wannan ba a karanta shi a littafi.
Na saurari mutumin nan da jikana ya kunna mani, ban jin duk Turancinshi amma na ji inda yake tsayawa. Shirunshi ma aiki yake yi. Duk wanda ya san abin nan da ya ji zai ce wannan ɗan dandamali ne.

Sada Ƙofar Marusa:
Ranka shi daɗe Baba, Allah shi ƙara lafiya. Ka faɗi abin da na kasa faɗi.

Lawal Mai Waya:
Baba na ji kuma na gode. Amma ina nan kan bakana a rabin maganar, horo na gyara abin da akwai ne, bai ƙirƙiro wanda babu

Baba Ɗanjuma Rafindadi:
Haka ne ɗana. Gona mai kyau ma in ba a nome ta ba ciyawa take fiddawa. Kuma tunda ka tambayi namu, ai su ma ta wannan hanya suka biyo. Marigayi Ƙasimu Yero da ya rasu 2017, marigayi Usman Baba Pategi Samanja da ya rasu 2023, da namu na gida Umaru Ɗanjuma Katsina Kasagi wanda ya rubuta Kulɓa Na Ɓarna, duk mutanen rediyo ne da talbijin da wasan gaban jama'a. A rediyo ba a ganin fuskarka ba a ganin rigarka, in muryarka ba ta ɗauki labarin ba to babu mai ɗaukar maka. Shi ya sa har yau in an kunna tsohon wasansu ko kana tsakar gida kana alwala ka san wa ke magana.

Abba Daura:
Gaskiya Baba abin da ke damuna da finafinanmu na yanzu ke nan. Yaro ya yi suna a TikTok sati biyu sai ka gan shi jarumi, ana ba shi magana layi-layi yana maimaitawa, fushi ɗaya ne a wurinshi wato ihu da zare ido, baƙin ciki kuma a sa kiɗa mai ban tausayi ya yi aikin

Ummi Fim:
Yaya Abba a yi mana adalci dan Allah. Ni ina cikin harkar, ina aikin ci gaban shiri a lokeshan. Ina dandamalin yake da za a je a koya? Makarantu nawa ne a Katsina ko Daura ke da ƙungiyar wasan kwaikwayo mai rai yanzu? Yaron da ke son abin nan in ya faɗa a gida cewa za a yi ya lalace. Furodusa kuma kuɗin kwana kaɗan gare shi, ya karɓi aron gida zuwa la'asar, janareta na shan mai, wa zai tsaya a yi sati ana gwaji? Duk da haka akwai masu ƙoƙari sosai, akwai dattawan da in suka shigo sin kowa sai ya nutsu. Kuma ku sani wasan kyamara daban ne, ɗan dandamali in bai rage ba a kyamara sai ya zama kamar yana wa'azi a kasuwa, kyamara ƙifta ido ma tana gani. Shi kanshi James Earl Jones ɗin ai bai taɓa cin Oscar ta gasa ba, ta girmamawa aka ba shi a 2011

Sada Ƙofar Marusa:
Ƙanwata maganarki ta rashin wurin koyo ban da ja a kanta, ita ce ma ciwon. Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya na da sashen wasan kwaikwayo da gidan wasansu na ginin ƙasa, amma mutum nawa ke kaiwa can? Maganar Oscar ɗin kuma, kin san inda aka miƙa mashi ita? A Landan, kan dandamali, bayan an tashi daga wasan Driving Miss Daisy da yake yi da Vanessa Redgrave, Ben Kingsley ne ya hau ya ba shi. Yana da shekara 80 a lokacin kuma bai bar wasan ya tafi bikin ba. 2015 yana da 84 ya sake komawa Broadway shi da Cicely Tyson, wasan mutum biyu rak. Tony ɗinshi ta biyu 1987 ce a Fences na August Wilson, inda ya fito a matsayin mai kwasar shara a Pittsburgh wanda wariya ta hana shi zama babban ɗan wasan ƙwallon baseball, ɗacin abin ya sa ya tare wa ɗanshi hanya. Wanda kuka gani Denzel Washington ya yi a fim a 2016, to shi ya fara yin shi a dandamali. A 2022 aka sauya wa gidan wasan Cort suna aka sa nashi, gidan da ya yi wancan ƙaramin matsayi na 1958.

Maman Khalifa:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkatar da zancen, tun da Malama Hadiza ta yi maganar in'ina hankalina ya tsaya can. Ɗana na aji huɗu yana da ita. A gida da ƙannenshi yana hira ba laifi, amma in baƙo ya zo ko aka aike shi shago sai ka ga ya tsaya kan harafi ɗaya, yana lumshe ido yana buga cinya da hannu, jijiyar wuyanshi ta tashi, kafin kalmar ta fito wani ya riga ya ƙarasa mashi. A makarantarsu wani malami ya taɓa kwaikwayon shi gaban aji yara suka yi ta dariya, tun ranar ko ya san amsa bai ɗaga hannu. Abin da ke ba ni mamaki a Islamiyya in yana karatun Alƙur'ani tar yake yi ba ko gargada, har malaminsu na sa shi ya ja baƙi. Kakarshi ta ce a ƙyale shi zai bari, wasu sun ce a riƙa tsawata mashi. Ni na rasa na kamawa wlh

Malama Hadiza:
Maman Khalifa kada a tsawata mashi ko kaɗan, tsoro ƙara ta yake yi. Abin da kika gani a Islamiyya sananne ne, masu in'ina da yawa in suna rera abu, ko karatu da kari, ko karatu tare da wasu, ko faɗin abin da suka haddace, harshen na sakin su. Shi ne abin da ya faru da James ɗin a gaban aji. Yara da dama kan yi ta su bari da kansu, wasu kuma tana bin su har girma, kuma ta fi yawa ga maza. Abin da za ki yi a gida, in yana magana ki dube shi ki jira, kada ki ƙarasa mashi, kada ki ce yi a hankali ko ja numfashi, ke dai ki rage saurin taki maganar. Ki hana ƙannenshi katse shi. Ki je makarantar da kanki ki samu hedimasta, ba da faɗa ba, ki ce kada a sake kwaikwayon shi kuma a riƙa sanar da shi tun da wuri abin da zai karanta don ya shirya. In da hali ku je babban asibiti ɓangaren kunne, hanci da maƙogwaro ku tambayi inda ake samun masu gyaran magana. Sannan tunda yana da ƙarfi a hadda, a fara ba shi ɗan guntun jawabi ko waƙar makaranta ya kawo gaban mutum uku huɗu da ya saba da su, a hankali a ƙara yawansu.

Malam Bishir Sabuwar Unguwa:
Ki kuma koya mashi addu'ar Annabi Musa alaihis salam da ke cikin Suratu Ɗaha, inda ya roƙi Allah ya warware ƙullin harshenshi don a fahimci maganarshi. Yaro in ya san Annabi guda ya yi wannan roƙo zai daina ganin kanshi a matsayin abin dariya. A haɗa da shawarar Malama.

Maman Khalifa:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Litinin in sha Allah zan shiga makarantar.

Abba Daura:
Ni akwai inda nake da ƙorafi a kanshi. Coming to America ta 1988 ɗin nan, ƙasar Zamunda da suka ƙirƙira, giwaye na yawo a bayan gida ana watsa wa sarki furanni a ƙasa, ba Afirkar da muka sani ba ce. Mu da muka tashi muna ganin hawan sallah a ƙofar fada mun san yadda sarauta take, sarki bai yawan magana ma, akwai masu yi mashi

Ummi Fim:
Barkwanci ne ai Yaya, kuma a lokacin finafinan Amurka yunwa da yaƙi kawai suke nunawa in an ce Afirka, wannan ya nuna masu arziki da ƙasaita. In kana son ka ga ya yi Afirka da gaske nemi Cry, the Beloved Country ta 1995, shekara ɗaya bayan Mandela ya hau mulki. Limamin coci ne na ƙauye da ya tafi Johannesburg neman ɗanshi ya tarar yaron ya kashe Bature. Akwai inda ya haɗu da uban wanda aka kashe, Richard Harris ne ya fito a uban, duk girman jikin nan da muryar nan sai ka ga ya ƙanƙance yana rawar jiki ya kasa haɗa magana. Ni nan na yarda ɗan wasa ne ba murya kawai ba

Nura Mai Fassara:
Tun ɗazu nike karantawa, bari in shigo ta ɓangarena don ni ɗora murya nike yi a fassarar finafinan Indiya. Maganar Darth Vader ta fi taɓa ni. Wanda ke cikin baƙaƙen kayan nan wani Bature ne ɗan Ingila David Prowse, sautin numfashin kuma Ben Burtt ne ya haɗa shi da na'urar numfashin masu nutso a ruwa, James murya kawai ya ɗora cikin 'yan awoyi aka biya shi dala 7,000. Kuma shi da kanshi ya ce kada a sa sunanshi, sai a fim ɗin Star Wars na uku a 1983 sunan ya fito. To mu nan haka muke, ɗaki ƙarami an manna katifa da kwalin ƙwai a bango, an kashe fanka don makirfo na ɗaukar ƙararta, zufa na zuba kana kallon leɓen jarumi kana neman Hausar da za ta shiga daidai tsawon buɗe bakinshi, wani lokaci kai ne uba kai ne ɗa kai ne ɗan sanda. Mutane su haddace muryarka su riƙa kwaikwayo a majalisa amma ko a layin mai ba wanda ya san kai ne.
Abin da ban ji daɗi ba shi ne a 2022 ya amince wani kamfanin Yukren, Respeecher, ya yi amfani da tsofaffin muryoyinshi kwamfuta ta riƙa ƙirƙiro sabuwar maganar Darth Vader. In babba irinshi ya buɗe wannan ƙofa mu ƙanana ina za mu?

Sada Ƙofar Marusa:
Nura ni ina ganin hakkinshi ne. Ya haura 90, ƙarfi ya ragu, an zo an nemi izni ya bayar da saninshi. Ya fi a ce an ɗauka ba a tambaye shi ba.

Lawal Mai Waya:
To Malam Sada in kwamfuta za ta iya yin muryar ba tare da ta taɓa hawa dandamali ba ina maganarka ta kwana?

Sada Ƙofar Marusa:
Daga ina ta koya Lawal? Abin da ya riga ya faɗa aka ɗura mata, da tsayawar da jan numfashin duka, ba ta da na kanta.

Nura Mai Fassara:
Izni ɗin ne nike magana a kai Malam. Shi yana da lauyoyi, an zauna an rubuta takarda, iyalinshi sun san abin da aka sa wa hannu. Mu fa? Ana biyanka kuɗin fim ɗaya a hannu ko a tura maka ta waya, babu takarda babu komai, muryarka na cikin kwamfutar mai situdiyo awa ɗari ko fiye. Ranar da manhajar nan ta iya Hausa sosai wa zai hana shi ɗura mata? Ni dai na fara gaya wa abokan aikina duk wanda zai ɗauke mu aiki a rubuta cewa muryar ta wannan fim ɗin ce kaɗai, in za a yi wani abu da ita daban a dawo a sake ciniki. Biyu sun yarda, sauran na tsoron kada a daina kiran su. Ummi ku a lokeshan ana sa hannu a takarda ko ku ma da baki ne?

Ummi Fim:
Manyan shirye-shirye masu dogon zango wasu na yi, amma mafi yawa da baki ne, kuma ban taɓa ganin takardar da ta ambaci murya ba. Turo mani abin da kuka rubuta ta inbox in nuna wa shugabannin ƙungiyarmu a zama na gaba.